Mutum Biyu a Ƙarƙashin Iƙamata

Lahadi, 24 ga Yuni 2018, ɗaya da rabi na rana

Don lissafin kayan sito na sayi wannan littafin, amma ga shi na fara da kaina. Ina zaune bayan kwalayen wayar lantarki, inda sanyin na'ura yake ɗan isowa. Kowa ya tafi cin abinci.

Najib ya kira ni ofis da safe. Shi ne mandub ɗin kamfaninmu, mai bi mana takardu a ofisoshin gwamnati. Basudane ne, amma kakarsa Bahaushiya ce, yana jin Hausa tsaf. Ya ce iƙamata, takardar izinin zamana a Saudiyya, za ta ƙare ranar 29 ga Yuli, kuma ba za a sabunta ba sai na biya harajin iyali na shekara guda gaba ɗaya. Bara riyal ɗari ne a wata a kan duk mutumin da ke zaune a ƙasar nan da sunanka. Daga ɗaya ga wata mai kamawa ya zama ɗari biyu. Kamfani yana biyan kuɗin iƙamata, ba ruwansa da na iyali.

Ya juyo mini da kwamfutar. A gaban murafiƙai, wato waɗanda ke ƙarƙashina, an rubuta biyu.

Ya dubi allon, ya dube ni. "Ya Isiyaku, har yanzu biyu?"

Na ce har yanzu.

"Wata biyar fa ke nan. Ka ɗauki katin yarinyar da takardar asibiti ka kai ofishin shige da fice, Jawazat. Minti goma ne, su mai da shi ɗaya."

Na ce masa takardun suna wajen matata Balki, kuma ba lokacin tambayarta ba ne. Ya ce Allah ya ƙara haƙuri, ya kira na bayana.

Mutum biyu, 4,800. Mutum ɗaya, 2,400. Abin da zan iya haɗawa kafin ranar, in an cire haya da abinci, 2,950.

Litinin, 25 ga Yuni, shida na safe, cikin bas ɗin zuwa aiki unguwar Sulay

Hanyoyin da mata da miji suke da su, kamar yadda na fahimta. Wataƙila ban fahimta daidai ba.

Ta ɗaya, matar ta ci gaba da zama a ƙarƙashin mijinta, ya biya mata. Ta biyu, ta samu aiki a mai da kafalarta, wato ta koma zama a ƙarƙashin sunan mai aikin, kowa da takardarsa, kowa da kafilinsa. Ta uku, fita ta ƙarshe, ta koma gida.

Na rubuta su sau biyu, sau ɗaya a jere, sau ɗaya a layi uku da fa'ida da illa. Duk yadda na juya su, kuɗin mutum ɗaya ne a hannuna.

Laraba, 27 ga Yuni, bayan Magariba

Ban gaya mata ba.

Na tarar ta yi shinkafa da wake, ta rufe nawa, ta koma bakin taga. Tagar ɗakinmu bangon maƙwabta take kallo, babu abin gani sai bututun ruwa da ƙugiyar shanya. Awa nawa take yi a wurin, ban sani ba. Na ce sannu da gida. Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam."

Malam. Tun watan Janairu haka take kirana. Shekara uku da rabi kafin nan Abban Khairat nake.

'Yan Pakistan ɗin da ke ƙasanmu sun fito da kwalaye bakin ƙofa, an ɗaure su da igiya shuɗiya. Gida na huɗu ke nan a layinmu na Ulaisha tun bayan sallah. Keken yaransu mai ƙafa uku suka bari a ƙarƙashin matakala. Ina bin ɗaya gefen in zan hau.

Juma'a, 29 ga Yuni, bayan La'asar

Bayan masallaci Sha'aban ya ja ni shan shayi. Tare muka zo ƙasar nan, shi yana ɗaukar kayan miya daga kasuwar Aziziya a motarsa yana raba wa shaguna. Ya mai da matarsa da 'ya'yansa huɗu Gombe tun watan Maris. Ya rame, rigarsa ba guga.

"Mutumina, ka ga gwauron Riyadh," ya ce. "Jiya na dafa taliya, ko kyanwar layi ta shinshina ta wuce."

Na yi dariya don yana jira. Sannan na gaya masa lissafina, har da abin da na gaya wa Najib game da takardun.

Ya ajiye kofin. "Siyaku, ban gane damuwarka ba. Ni mutum biyar ne, ba yadda zan yi. Kai mutum ɗaya ne, kuma kana da kuɗinsa. Ka cire yarinyar, ka biya wa Balki, khalas."

Ka cire yarinyar. Haka ya faɗe shi, kamar tumatur ɗin da ya lalace a kwando. Na san ba haka yake nufi ba. Shi ya tuƙa mu ranar jana'izar, shi ya tsaya a bayana a sahu. Duk da haka na biya kuɗin shayina ni kaɗai na tashi.

Ko na yi masa rashin kyautawa? Ina jin na yi.

Lahadi, 1 ga Yuli, azahar

Yau ya zama ɗari biyu.

Talata, 3 ga Yuli, goma na safe

Ba na son Talata.

Shugaban sito ya sake yi mini magana a kan waya. Doka ce a ajiye ta a loka lokacin ƙidayar kaya. Na ce masa ya yanke mini a albashi in yana so, amma wayata a aljihuna za ta zauna. Ya san dalili, bai ƙara ba. Ta yi ƙara sau ɗaya wajen tara, na zubar da kwalin soket ina laluben ta. Saƙon kamfanin waya ne.

Sha ɗaya. Kiran Balki sha ɗaya na tarar da na buɗe loka a ranar, Talatar nan ta watan Janairu. Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

Alhamis, 5 ga Yuli, bayan Isha'i

Na gaya mata. Na shirya maganar tun a bas, da gabatarwa da komai, amma da na zauna sai lambobi kawai suka fito. Na karanta mata hanyoyin uku daga littafin nan kamar mai karanta sanarwa.

Ta saurara har ƙarshe tana ninke ɗankwali a cinyarta.

"Ni nawa ne kuɗina?"

Na ce ɗari biyu a wata.

"Ashe ba ni da tsada." Ta ajiye ɗankwalin. "To mene ne matsalar? Ka ce kana da na mutum ɗaya."

Na ce a wajensu mu biyu ne. Ku biyu ne, na gyara.

Ta ɗago ta dube ni. Rabon da ta dube ni ido cikin ido haka, na manta. Ta tashi ta kwashe kwanuka, ta wanke su, har da waɗanda ba a ci da su ba.

Asabar, 7 ga Yuli, biyar na yamma

Matar Sha'aban ta kira ta daga Gombe. Na dawo na tarar da ita tsaye a tsakiyar ɗaki, ba ta bari na cire takalmi ba.

"Malam, me ya sa kake gaya wa mutane ni na riƙe takardun?"

Na ce wane takardu.

"Yanzu aka gama yi mini wa'azi daga Najeriya. Wai in ji tsoron Allah in saki katin, in daina wahalar da mijina. Wane kati? Ni ko takardar asibitin ban taɓa gani ba. Kai ka karɓo. Kai ka shiga da yarinyar maƙabarta, ni a waje aka bar ni, a cikin mota. Rigunanta kaɗai nake da su, su ma ka ce in rufe a akwati. In kana son ka yi ƙarya, ka yi da sunanka."

Muryarta ba ta tashi ba. Da ta yi ihu da ya fi mini.

Asabar, bayan Magariba

Gaskiyarta ce. Suna cikin koren fayil ɗina, a jakar da nake zuwa aiki da ita.

Litinin, 9 ga Yuli, ɗaya da rabi na rana

Tunda babu mai karanta wannan, bari in rubuta abin da nake yi kowace rana a wannan lokacin.

Ina buɗe Abshir a wayata, inda mutum yake ganin takardunsa da na iyalinsa. Ina danna murafiƙai. Balki ce ta farko. Ina danna ta biyu. Sai ga hoton da aka ɗauka tana wata huɗu, hannuna yana riƙe da ƙeyarta, ana ganin yatsuna biyu a gefe. Suna, Khairat Isiyaku. Ranar haihuwa. Lambar iƙama. A ƙasa kuma kalma ɗaya ta Larabci da koren rubutu, mai nufin tana aiki, ba ta ƙare ba.

Ina duban ta har a kira sallah.

A gida an yi addu'ar uku, an yi ta arba'in. A Azare kakarta ta raba kayanta. Kowa ya gama. Nan ne kaɗai wurin da ba a gama ba. Na san kwamfuta ce. Na yi sakandare, shekara sha ɗaya ina shigar da kaya ina fitarwa a irinta, na san ba ta san komai ba sai abin da aka ba ta. Duk da haka.

Ina istigfari bayan kowace dubawa. Ban sani ba ko wannan rashin yarda da ƙaddara ne. Ina tsoron tambayar malami don na san amsar.

Laraba, 11 ga Yuli, sha biyu na rana

Na ɗauki izinin rabin yini na tafi Jawazat da fayil ɗin. Na karɓi lamba, 164. Allo yana 131 da na zauna. Kusa da ni wani Bamisire yana jijjiga jaririya, ya zo ƙara ta a takardarsa. Ya tambaye ni me na zo yi. Na ce gyara.

Na jira mutum talatin da biyu. Ban tashi ko ruwa ba. Da allo ya nuna 164, taga ta shida, sai na ga ƙafafuna sun kai ni ƙofar fita. An kira lambar sau uku, ina jin ta daga waje.

A hanyar dawowa na roƙi akawunmu ya ba ni albashin wata mai zuwa tun yanzu. Ya ce an hana.

Juma'a, 13 ga Yuli, bayan La'asar

Anti Hajjo ta zo. 'Yar garinsu Balki ce, shekara ashirin tana ɗinki a wani mashgal, shagon ɗinki da kwalliyar mata, can arewacin gari. Ta shigo da ledar lemo da hayaniyarta.

"Isiyaku, ka rame kamar kai ke shayarwa. Zauna, da kai na zo magana."

Ashe Balki ce ta kira ta tun ranar Lahadi. Mai mashgal ɗin, wata Hajiya Balarabiya, tana neman mai aikin duwatsu da zare a rigunan biki, kuma ta ga ɗinkin Balki a hoto. Za ta karɓi kafalarta, ita za ta biya komai. Sharaɗi, kwangilar shekara biyu, kuma masu ɗinki a gidan da ke saman shagon suke kwana. Fita ranar Juma'a, daga La'asar zuwa Isha'i. Sa hannun miji kawai ake jira.

Na ce matata ba za ta zauna a ƙarƙashin sunan wata ba ina raye.

"To kai a ƙarƙashin sunan wa kake?" in ji Anti Hajjo. "Duk ƙasar nan wa yake zaune da sunan kansa? Ka ga, ni ban zo raba aure ba. Da ni ce ku, abin da ya kamata a yi a bayyane yake, kuma ba wannan ba ne. Amma ta ce ba za ka iya ba."

Balki tana ƙofar kicin. Ba ta musa ba.

Sun bar takardar a kan firij.

Lahadi, 15 ga Yuli, shida na safe

Takardar tana kan firij. Na ɗora kwalbar zuma a kanta don kada fanka ta ɗauke ta. Me ya sa na damu kada fanka ta ɗauke ta?

Na sake lissafi. 2,950.

Talata, 17 ga Yuli, bayan Magariba

Na ce mata ko za ta je gida ta huta, wajen Inna, in abubuwa sun daidaita in sake nema mata biza. Na faɗe shi a hankali. Na zaci tausayi ne.

Ta ajiye ludayin.

"Fita ta ƙarshe ke nan."

Na ce sunan ne kawai.

"Malam, ba a bar ni na shiga maƙabartar ba. Ban san inda aka sa ta ba. Abin da nake da shi kawai, in na tashi da safe na san gari ɗaya muke. Zafin da ke dukan bangon nan shi ke dukan ƙasar da ke kanta. Shi ma za ka karɓe?"

Na ce ba haka nake nufi ba.

"Na san ba haka kake nufi ba. Ba ka taɓa nufin komai ba." Sai ta sassauta. "Ka ji. Ban taɓa cewa laifinka ne ba. Ko sau ɗaya. Kai kake faɗa wa kanka, ina jin ka kana juyi. Ina ganin abin da kake dubawa a waya. In wurin nan ne kake samun numfashi, ka riƙe ta. Kuɗin mutum ɗaya kake da shi, ka biya mata. Ni zan fita daga takardarka, amma ba zan fita daga Riyadh ba."

Abin da ya kamata in ce a bayyane yake. Gobe zan je in gyara, ki zauna a ɗakinki. Kalmomin suna bakina, har na ji nauyinsu a harshe.

Na ce bari in yi tunani.

Alhamis, 19 ga Yuli, bakwai na safe

Na sa hannu. A tsaye, a kan firij, kafin in fita. Biron ya ƙi rubutu da farko, na goga shi a tafin hannuna har ya kama. Da ya ƙi ɗin da na bari.

Na gaya wa kaina dalilai uku a bas. Za ta samu abin yi maimakon taga. Za ta samu albashinta. Baɗi haraji zai zama ɗari uku, dama dole a yi wani abu. Duk gaskiya ne. Babu ko ɗaya da shi ne dalilin.

Asabar, 21 ga Yuli, huɗu na yamma

Direban mashgal ya zo da Anti Hajjo. Jaka ɗaya Balki ta ɗauka, da almakashinta, da ƙaramin akwatin nan. Ta nuna mini inda daddawa da kuka suke, ta ce miyar da ke firiza za ta kai ni kwana huɗu in ban yi ɓarna ba. Ta ce in riƙa buɗe taga in zan kunna gas.

Na sauko mata da jakar. A bakin mota na ce Allah ya ba da sa'a, kamar mai sallamar abokin aiki. Ta ce amin.

Anti Hajjo ta leƙo ta taga. "Juma'a kamar gobe ce, ango."

Babu wanda ya yi dariya.

Lahadi, 22 ga Yuli, bayan Magariba

Na yi sallama da na shigo.

Talata, 24 ga Yuli, biyu na rana

Jiya saƙo ya shigo, an kammala mai da kafalar. Balki ta fita daga takardata. Saura ɗaya.

Da safe na je wajen Najib, wanda nake kauce wa tun watan jiya. Na ce kuɗin sun haɗu, na mutum ɗaya, a sabunta. Ya ce madalla, ya buɗe kwamfuta yana murmushi. Sai murmushin ya tafi.

"Ina Balki?"

Na yi masa bayani. Ya cire tabarau ya murza idonsa.

"Ya Isiyaku. Ya akhi. Me ya hana ka zuwa wajena kafin ka sa hannu?"

Na ce ai harajin ne matsalar, kuma ga shi zan biya.

"Ba harajin kaɗai ba ne. Kafin a sabunta wa kowa iƙama sai an yi masa inshorar lafiya. Fom ne, ni nake cikawa, ni nake sa hannu cewa mutum yana nan. Inshorar lafiya, Isiyaku. Ni na karɓi yarinyar nan daga hannunka na miƙa wa na cikin ramin. Ka ce in rubuta tana nan? Wallahi ko ɗan'uwana ne ba zan yi ba. In an gano, kai da ni duka jirgi ne. In ba a gano ba, Allah ya gani."

Na ce to a bar ta yadda take, a sabunta tawa kawai.

"Ba na tura fayil ɗinka da ita a ciki. Kwana biyar ya rage maka."

Shekara bakwai ina sabunta wa iyalina iƙama. Kowace shekara sai an yi inshorar nan. Na san da ita. Na rubuta hanyoyi uku, na ja layi, na yi lissafi sau nawa, ban sa ta ba. Mantawa na yi, ko ƙin tunawa? Ban san wanne ya fi muni ba.

Laraba, 25 ga Yuli, sha ɗaya na safe

Na kira Anti Hajjo na tambaya ko za a iya dawo da kafalar.

"Dawo da me? Kwana biyu da gamawa? Matar nan ta biya kuɗin canji, ta biya inshora, ta karɓi aikin biki uku saboda Balki. Shekara biyu ne, Isiyaku, da hannunka ka sa. Ni ma kada ka ja mini."

Na ce ta ba ni Balki. Ta ce ba a ɗaukar waya lokacin aiki, suna ajiye su a loka.

Alhamis, 26 ga Yuli, sha ɗaya da kwata na safe

Lamba 88. Taga ta biyu. Saurayi ne ma'aikacin. Ya karanta takardar asibitin, ya ce Allah ya sa mai ceto ce, ya karɓi katin ya sa a aljihun tebur. Na tambaya ko zan iya riƙe katin. Ya ce a'a, ya ba ni haƙuri.

Najib ya ce minti goma. Bai kai ba.

Juma'a, 27 ga Yuli, biyar na yamma

Ba a bar su sun fita ba yau, akwai rigunan amarya da za a kai gobe. Ta kira ni daga matakala, ina jin kekunan ɗinki a bayanta.

Na gaya mata komai, da Najib, da inshorar, da taga ta biyu.



"Ashe za ka iya," ta ce.

Na ce dole aka yi mini.

"Eh. Najib ya ce maka a'a, ka iya. Ni da na ce maka to, ba ka iya ba." Ta ja numfashi. "Kwana bakwai, Malam. Da ka yi shi ranar Alhamis ɗin da ta wuce, da yanzu ina ɗakina."

Wata ta kira ta da Larabci daga sama. Ta ce sai anjima.

Lahadi, 29 ga Yuli, ɗaya da rabi na rana

An sabunta iƙamata. Ba a karɓi ko riyal ɗaya na haraji ba, babu wanda za a biya wa. Kuɗin suna nan cif. Sha'aban ya ce in tura gida a sayi buhun masara. Wataƙila.

Ban buɗe wayar ba yau. Na zauna dai a wurin har aka kira sallah.

Juma'a, 3 ga Agusta, bayan Isha'i

Sha'aban ya ba ni aron motarsa. Ya wanke ta, amma warin albasa bai fita ba. Ya ce, "Ka kai ta wajen cin abinci mai kyau, ba irin namu ba." Na ba shi haƙuri a kan ranar shayin. Ya ce wace rana.

Ta fito ƙarfe huɗu da minti goma. Yatsunta biyu da filasta. Ta shiga ta zauna, ta riƙe jakarta a cinya kamar mai shiga motar haya. Na tambaye ta abinci, ta ce ana ba su. Na tambaye ta ɗaki, ta ce su huɗu ne, akwai sanyi. Na ce gida za mu ko wajen cin abinci.

"Kai ni can," ta ce.

Tafiyar minti arba'in ce zuwa kudancin gari. Na tsaya a gefen titi, jikin katangar. Doguwa ce, launin ƙasa, sai dai a wani wuri an yi ƙofar ƙarfe mai sanduna da ake hango ciki. Na matsa da motar daidai nan. Ba ta fita ba, ta sauke gilashi kawai.

A nan ba a rubuta suna a kabari. Dutse ne a kai, dutse a ƙafa, duka iri ɗaya. Ranar na ƙidaya, layi na biyu daga ƙarshe, na tara daga hanya. Ban koma ba tun ranar. Yau da na duba, ƙarshen ya matsa can nesa. An ƙara layuka da yawa, ban san nawa ba, har da sabuwar hanya da ban sani ba a tsakiya. Ƙananan duwatsu ne ko'ina har inda ido ya tsaya.

"Ta wane ɓangare?" ta ce.

Na duba. Na sake dubawa. Tana jira, hannunta a kan ƙofar motar.

Na ɗaga yatsa na nuna wajen hagu, kusa da wata 'yar bishiya.

Ta juya gaba ɗaya ta fuskanci wurin. Ta ɗaga hannuwanta, da filastar da komai, ta yi addu'a mai tsawo, leɓunanta suna motsi. Na riƙe sitiyari ina kallon gabana. Da ta shafa ta ce, "Akwai inuwa ma. Alhamdu lillahi." Ta ɗan taɓa hannuna. "Na gode. Yanzu na san wurin."

Na mai da ita kafin takwas.